Yaushe Kiristanci da Yahudanci suka raba gari?

A shekarar 386 miladiyya, a birnin Antakiya da ke kudancin Turkiyya ta yau, wani limamin coci mai suna Yohanna, wanda daga baya aka yi wa laƙabi da Kirisostom saboda zaƙin bakinsa, ya katse jerin wa'azin da yake cikin yi ya juya kan wani abu da ya tsaya masa a rai. Bukukuwan Yahudawa na lokacin kaka sun ƙarato, ya kuma san da yawa daga cikin masu zama gabansa ranar Lahadi za su tafi majami'ar Yahudawa su saurari busar ƙaho, wasu ma su ɗauki azumi tare da su. Akwai masu zuwa can neman magani idan ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ya ba da labarin wani Kirista da ya gani yana jan wata mata zuwa majami'a don ta yi rantsuwa a kan wata rigima, wai rantsuwar can ta fi ci. Wa'azi takwas ya jera a kan wannan tsakanin 386 da 387, kalamansa kuwa ba su da daɗin ji, har masu ƙin Yahudawa a Turai suka mayar da su makami daga baya.

Shekarar ita ce abin dubawa. An yi fiye da shekara 350 da zamanin Yesu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa (AS), sarakunan Rum sun riga sun zama Kiristoci, amma talakan coci bai ga wata doguwar katanga tsakanin gidajen ibadar biyu ba. Malamai ne ke ta faman ɗora mata tubali. Da yawa sun ɗauka Yahudanci uwa ce da ta haifi Kiristanci, 'yar ta bar gida, uwar ta zauna yadda take. Masana tarihi a yau sun fi kallon su a matsayin wa da ƙane da suka tashi a gida ɗaya, gidan ya ƙone, kowa ya ɗebi abin da ya iya ɗiba ya kafa nasa. Yahudancin da aka sani yanzu, na Talmud, wato babban kundin fatawoyi da muhawarorin malaman Yahudawa, da malamai da addu'ar majami'a, ya kammala siffarsa ne a cikin ƙarnonin da Kiristanci ya kammala tasa.

Addinin da Yesu ya tarar yana da cibiya guda, Haikalin Urushalima, wato Baitul Maƙdis. Na farko, wanda ake danganta gininsa ga Annabi Sulaimanu, sojojin Nebukadnezzar na Babila ne suka rushe shi a 586 kafin miladiyya. An gama na biyu wajen 515, bayan Sairus na Farisa ya bar kamammu sun koma gida, sannan sarki Hirudus ya faɗaɗa shi tun daga wajen shekara ta 20 kafin miladiyya har ya zama abin zuwa kallo. Ibada a lokacin tana nufin hadaya: ɗan rago da safe, ɗan rago da yamma, kullum ta Allah, a hannun firistocin da suka gaji aikin kaka da kakanni. Kowane namiji baligi yana biyan rabin shekel, kuɗin azurfa na lokacin, a shekara, ko da a Masar ko Babila yake zaune.

Amma haɗuwa a Haikali ɗaya bai sa baki ya zo ɗaya ba. Yusufus, Bayahuden da ya yaƙi Rumawa sannan ya koma ɓangarensu ya zauna a birnin Rum yana rubuta tarihi, ya lissafa ƙungiyoyi huɗu. Sadukiyawa su ne manyan firistoci da masu hannu da shuni. Rubutacciyar Attaura kaɗai suka ɗauka hujja, ba su kuma yarda da tashin matattu ba. Ko takarda ɗaya tasu ba ta iso mu ba, duk abin da aka sani game da su daga bakin abokan hamayyarsu ya fito, don haka sai a yi hattara wajen yanke musu hukunci.

Farisiyawa, waɗanda Yusufus ya ce sun kai dubu shida a zamanin Hirudus, su ne talakawa suka fi saurara. Sun yarda da tashin matattu da mala'iku da sakamako, sun kuma ce bayan abin da aka rubuta akwai bayanin da aka karɓa baki da baki daga magabata. Burinsu shi ne tsarkin da ake nema a Haikali ya shigo gida, ya zauna a wajen cin abinci da kasuwa da gona. Su ma ba kansu haɗe yake ba. Makarantar Hillel tana da sassauci, ta Shammai tana da tsanani. A kan saki, alal misali, mutanen Shammai sun ce ba a sakin mace sai a kan alfasha, na Hillel suka ce ko girki ta ɓata ya isa dalili. Wanda ya san wannan zai karanta sura ta 19 ta Linjilar Matiyu da wani ido dabam: da aka tambayi Yesu ko ya halatta mutum ya saki matarsa a kan kowane dalili, cikin muhawarar da ke gudana tsakanin makarantun nan biyu aka jefa shi, amsarsa kuma ta fi kusa da ta Shammai. A wani wurin kuwa ya fi kama da Hillel, wanda Talmud ya ruwaito ya ce wa wani mai neman shiga addinin: abin da kake ƙi kada ka yi wa ɗan'uwanka, wannan ce Attaura gaba ɗaya, saura sharhi ne, je ka koya.

Na uku su ne Esiniyawa, kimanin dubu huɗu, masu tarayya a dukiya da yawan wankan tsarki. Yawancin masana suna danganta su da littattafan da aka fara tsinta a 1947 a kogunan dutse na Kumran, gefen Tekun Gishiri. Zuwa 1956 an samu irin waɗannan koguna 11, da ragowar littattafai kusan 900. Mutanen da suka rubuta su sun ɗauki firistocin Urushalima a matsayin ɓatattu, suna bin kalandar rana mai kwana 364, ke nan ko ranar idi ba su haɗa da sauran jama'a ba. Ta huɗu ita ce ta masu ɗaukar makami, wadda ta samo asali daga Yahuza Bagalile, mutumin da ya yi bore a shekara ta 6 miladiyya lokacin da Rumawa suka yi ƙidaya don ɗora haraji. Hujjarsa ita ce babu mai mulki a kansu sai Allah.

A cikin wannan kasuwar ra'ayoyi, mabiyan Yesu ƙungiya ce guda ƙarama daga Galili. Linjila da Yusufus da marubucin Rum Tasitus duk sun ambaci hukuncin da gwamna Bilatus, wanda ya yi mulkin Yahudiya daga 26 zuwa 36, ya zartar a kansa. Musulmi kuwa, bisa aya ta 157 a Suratun Nisa'i, sun yi imani ba a kashe shi ba, ba a kuma gicciye shi ba. Wannan saɓani ne na aƙida da ba nan za a warware shi ba. Abin da ya shafi zancenmu shi ne yadda almajiransa suka rayu bayansa, kuma littafin Ayyukan Manzanni bai ɓoye ba: kullum suna Haikali, suna zuwa a lokutan addu'a, suna kiyaye Asabar da dokokin abinci. Shugabansu a Urushalima, Yakubu, wanda Bulus ya kira ɗan'uwan Ubangiji, ya shahara da riƙon Attaura. Da babban firist Hananu, Basadukiye, ya sa aka jefe shi a shekara ta 62, Yusufus ya ce mutanen birnin da suka fi kowa tsantseni a shari'a ne suka kai ƙara, aka tuɓe Hananu bayan wata uku kacal a kan kujera. Cewa wani mutum shi ne Almasihu ba ya fitar da kowa daga Yahudanci a lokacin. Iyakaci a ce ka yi kuskure.

Tsagar farko a kan kaciya da abinci ta fito. A biranen daular Rum akwai waɗanda ba Yahudawa ba da ke zuwa majami'a, suna son tauhidin da ɗabi'un da suke ji, amma ba su shiga addinin gaba ɗaya ba. Ana kiran su masu tsoron Allah. Mai karatu a ƙasar Hausa, inda wanzami ke yi wa yaro kaciya ba tare da kowa ya tsaya muhawara ba, zai iya mamakin abin da ya hana su. A wajen Bagirke ko Barume kaciya nakasa ce kuma abin ba'a, ga shi mutane ne masu wanka da motsa jiki tsirara a bainar jama'a, ga haɗarin yi wa babban mutum ita a zamanin da babu maganin kashe zafi ko na ƙwayoyin cuta. Bayan haka akwai barin naman alade da naman da aka yanka wa gumaka, wanda ke nufin ƙaurace wa walimar dangi da ta abokan sana'a. Irin waɗannan mutane ne suka fara tururuwa zuwa ga wa'azin mabiyan Yesu, musamman a Antakiya, inda aka fara kiran su Kiristoci.

Nan Bulus ya shigo. Mutumin Tarsus ne, Bafarisiye daga kabilar Biliyaminu kamar yadda ya faɗa da kansa, wanda ya fara da tsananta wa ƙungiyar kafin abin da ya same shi a hanyar Dimashƙu ya juya shi. Matsayinsa shi ne Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, su shigo a yadda suke, ta bangaskiya da baftisma, ba sai sun zama Yahudawa ba. Hujjarsa daga cikin Attaura ya ɗauko ta: an lissafa wa Ibrahim bangaskiyarsa a matsayin adalci tun kafin a umarce shi da kaciya. Wasu daga Urushalima suka ce sam, alkawarin Ibrahim da kaciya aka hatimce shi. Aka zauna a Urushalima wajen shekara ta 49, Bitrus babban almajirin Yesu, da Yakubu, da Bulus da abokin tafiyarsa Barnaba duk suna wurin. Bisa ruwayar sura ta 15 ta Ayyukan Manzanni, an ɗauke wa Al'ummai kaciya, aka ce su guji abu huɗu: abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da naman dabbar da aka shaƙe, da fasikanci.

Sulhun bai taɓo tambayar da ta fi wuya ba. An faɗi abin da Ba'al'umme zai yi, ba a faɗi yadda Bayahude mai bin Yesu zai zauna da shi a kan akushi ɗaya ba, alhali cin abinci tare shi ne ƙashin bayan ibadarsu. A wasiƙarsa ga Galatiyawa Bulus ya ba da labarin yadda Bitrus ke ci tare da Al'ummai a Antakiya, da mutanen Yakubu suka iso sai ya janye jiki, har Barnaba ya bi sahu. Bulus ya ce ya tsaya masa ido da ido a gaban kowa. Bai ce ya yi nasara ba, kuma shirun nan ya sa masana da yawa ke ganin shi aka kayar a ranar.

A ganina an ɗora wa Bulus fiye da abin da ya ɗauka. Ana yawan cewa shi ya ƙirƙiro sabon addini, shi kuwa bai taɓa kallon kansa haka ba. A wasiƙarsa ga Romawa ya tambaya ko Allah ya yi watsi da jama'arsa, ya amsa da a'a, ya kwatanta Al'ummai da reshen zaitun na jeji da aka ɗaura a jikin na gida, ya gargaɗe su kada su yi wa tushen girman kai. Ya ɓata shekaru yana tara gudummawa daga ikilisiyoyin Girka don talakawan Urushalima. Sai dai abin da ya buɗe ya fi ƙarfin niyyarsa. Da zarar an ce a shigo ba kaciya, lissafi ne kawai ya rage: Al'ummai sun fi Yahudawa yawa nesa ba kusa ba, kuma cikin 'yan tsararraki su ne za su cika ikilisiya.

Sai wuta ta tashi. A shekara ta 66 gwamna Fulorus ya ɗebi talanti 17, wato maƙudan kuɗi, daga baitulmalin Haikali, bore ya ɓarke, firistoci suka daina miƙa hadayar da ake yi saboda Kaisar. Basbasiyan, kwamandan sojojin Rum da ya zama sarki daga baya, ya murƙushe Galili, ɗansa Titus ya kewaye Urushalima, a bazarar shekara ta 70 Haikali ya ƙone. Sansanin Masada ya faɗi bayan shekara uku ko huɗu. Har yau a birnin Rum akwai ƙofar tunawa da Titus, an sassaƙa sojoji ɗauke da alkukin Haikali mai rassa bakwai. Sadukiyawa sun ɓace tare da ginin da ya ba su matsayi. Kumran ta zama kufai tun 68. Masu makami sun ƙare a fagen fama. Ƙungiya biyu suka rage da ƙafafunsu, magadan Farisiyawa da mabiyan Yesu, kuma ba banza ba: su ne waɗanda tun farko rayuwar addininsu ba ta rataya kacokan a kan bagadin hadaya ba.

Tambaya ɗaya ta tsaya musu duka. Attaura ta ce da hadaya ake kankare zunubi, a wuri guda da Allah ya zaɓa. Wurin ya zama toka. To, yanzu fa?

Ruwayar malaman Yahudawa ta ce Yohanan ɗan Zakkai ya sa almajiransa sun fitar da shi daga birnin da aka kewaye a cikin makara kamar gawa, ya roƙi Basbasiyan ya bar masa garin Yabne da malamansa. Ko labarin ya faru haka ko an ƙawata shi, a Yabne aka fara sake gina addinin. An ruwaito cewa wata rana shi da almajirinsa Yoshuwa sun wuce ta kangon Haikali, almajirin ya yi kuka da cewa wurin gafarar Isra'ila ya tafi. Malamin ya ce masa kada ya damu, akwai wata kaffarar da ta yi daidai da ita, wato ayyukan jinƙai, ya kuma jawo ayar Annabi Hosiya da ke cewa jinƙai nake so, ba hadaya ba. Addu'a ta ɗauki lokutan hadayar safe da ta yamma. Karatun dokokin hadaya ya tsaya a madadin yin ta, shi ya sa da shugaban malamai Yahuza Hanasi ya tattara Mishna, kundin dokokin da aka karɓa baki da baki, wajen shekara ta 200, kashi ɗaya cikin shida nata ya tafi ne a kan hadayun da aka daina miƙawa shekara 130 da suka wuce. Malami ya gaji kujerar firist, ilimi ya gaji jini.

Wannan aya ta Hosiya ita ce Linjilar Matiyu ta kawo daga bakin Yesu har sau biyu, a sura ta 9 da ta 12, kuma yawancin masana suna ganin an rubuta Matiyu ne a shekarun da ake zaman Yabne. Nassi ɗaya, matsala ɗaya, amsa biyu. Amsar Kiristoci ta fito fili a Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa: Almasihu shi ne babban firist, shi ne kuma hadayar, an miƙa ta sau ɗaya ba sai an maimaita ba. Zafin da ake ji a kan Farisiyawa a cikin Matiyu, da kuma maganar korar mabiyan Yesu daga majami'a da ta zo sau uku a Linjilar Yahaya, sun fi kama da faɗan makusanta da ke takarar gado ɗaya. Matsalar ta zo ne lokacin da Al'ummai, waɗanda ba su san gidan ba, suka gaji kalaman suka karanta su a matsayin hukunci a kan al'umma sukutum.

Rumawa ma sun sa hannu, ba da niyya ba. Bayan yaƙin Basbasiyan ya mayar da kuɗin da ake biya wa Haikali haraji, dirhami biyu a kan kowane Bayahude, ana kai shi ga haikalin gunkin Jufita a Rum. A zamanin sarki Domishiyan an tsananta karɓarsa, har marubuci Suwetoniyus ya ce ya ga an tuɓe wani tsoho ɗan shekara 90 a gaban jama'a don a duba ko yana da kaciya. Magajinsa Nerba ya sassauta a 96. Harajin wulaƙanci ne, amma wanda ya biya an san shi Bayahude ne mai tsohon addinin da doka ta ƙyale, ba a tilasta masa yin hadaya ga gumakan daula. Kirista Ba'al'umme ba ya biya, ba shi kuma da wannan rigar kariya. Mai karɓar haraji ya ja layin da malamai ba su gama ja ba. A ɓangaren Yahudawa kuma an ƙara wata addu'a a kan 'yan bidi'a a cikin addu'ar yau da kullum, a zamanin Gamaliyel na biyu, shugaban malaman Yabne. An daɗe ana cewa ita ce takardar korar Kiristoci, amma masana da dama yanzu suna ganin malaman Yabne ba su da ikon da za su tilasta wa majami'un duniya komai a lokacin.

Bore na ƙarshe, daga 132 zuwa 135, shi ya fi yanke zumunci a ƙasar Yahudiya. Jagoransa Saminu, wanda aka yi wa laƙabi da Bar Kokba, ya samu goyon bayan Akiba, babban malamin zamanin, wanda Talmud na Urushalima ya ce ya kira shi Almasihu. Bayahude mai bin Yesu ba shi da yadda zai yi yaƙi a ƙarƙashin wani Almasihun, kuma Jastin Shahidi, marubuci Kirista wanda ya rayu a lokacin, ya ce an azabtar da waɗanda suka ƙi. Sarki Hadiriyan ya murƙushe boren, ya gina birnin Rumawa a kan Urushalima ya sa masa suna Iliya Kafitolina, ya hana masu kaciya shiga, lardin kuma ya koma Suriya Falasɗina. Masanin tarihin coci Yusibiyus ya ce bishof 15 na farko a Urushalima duk Yahudawa ne, na 16, Markus, shi ne Ba'al'umme na farko. Ikilisiyar da Yakubu ya jagoranta ta rasa garinta.

Daga nan muhawarar ta koma cikin gidan Kiristoci, kuma ta kusa kaiwa maƙura. Markiyon, attajirin jiragen ruwa daga Sinob a gaɓar Baƙin Teku, ya zo Rum ya ce Allahn da ya yi halitta ya ba Musa shari'a dabam yake da Uban da Yesu ya bayyana. Ya jefar da littattafan Yahudawa baki ɗaya, ya riƙe Linjilar Luka da ya tace da wasiƙun Bulus goma. Ikilisiyar Rum ta kore shi a 144, ta mayar masa da maƙudan kuɗin da ya ba ta. Wannan hukunci ne ya sa har gobe Littafi Mai Tsarki na Kirista ke farawa da Attaura da Zabura da Annabawa. Amma riƙe littattafan ya zo da farashi: in namu ne, to me ya sa masu su na asali ba su karanta su yadda muke karantawa ba? Amsar da ta yi rinjaye ita ce ikilisiya ta maye gurbin Isra'ila. Wajen 170 Melito, bishof na Sardis, ya yi wa'azin da ya ɗora wa Isra'ila laifin kashe Allah, zargin da ya ci rayuka masu yawa a Turai cikin ƙarnonin da suka biyo baya, wanda cocin Katolika bai yi watsi da shi a hukumance ba sai a 1965.

Waɗanda suka fi shan wahala su ne na tsakiya. Jastin, wajen 160, yana ganin Bayahuden da ya bi Almasihu ya ci gaba da kaciya da Asabar zai tsira, muddin bai tilasta wa wasu ba, ya kuma yarda cewa akwai Kiristocin da ba sa ko gaisawa da irinsu. Bayan shekara ashirin bishof Iraniyus ya riga ya sa Ebiyoniyawa, wasu Yahudawa mabiyan Yesu, a jerin 'yan bidi'a: suna kaciya, suna karanta Matiyu kaɗai, suna ƙin Bulus, suna girmama Urushalima a matsayin ɗakin Allah, suna kuma ɗaukar Yesu mutum ne. Wajen 404 malamin coci Jerom ya rubuta wa bishof Agustin game da wasu masu kama da su cewa suna son zama Yahudawa da Kiristoci a lokaci ɗaya, sun tashi ba su ga tsuntsu ba su ga tarko. Abin da Yakubu da Bitrus suka ɗauka rayuwa ce ta yau da kullum ya zama laifi a ɓangarorin biyu.

Ƙarni na huɗu ya kawo abin da babu shi a da, wato ƙarfin hukuma. Sarkin Rum Kwanstantin ya halatta Kiristanci a 313, ya mayar da Lahadi ranar hutu a 321, ya tara bishof-bishof a Nikiya a 325. An fi tuna taron da batun matsayin Almasihu da rigimar limami Ariyus a kan haka, amma ya taɓo ranar Ista ma, wato idin da Kiristoci ke tuna tashin Yesu daga matattu. Ikilisiyoyi da yawa a gabas suna dogara ne da lissafin Yahudawa na Idin Ƙetarewa kafin su san ranar idinsu, wasiƙar da sarkin ya aika bayan taron kuwa ta ce bai dace a bi su ba. Dokokin majalisun coci na wannan ƙarni sun fi kowace shaida nuna yadda jama'a ke cuɗanya, domin ba a hana abin da ba a yi. A Elbira ta ƙasar Sifen, wajen 306, an hana aurar da 'ya ga Bayahude, da cin abinci tare da shi, da kiran sa ya sa wa gona albarka. A Lawudikiya, wajen 364, an hana Kirista hutun Asabar. A 380 sarki Tiyodosiyus ya mayar da aƙidar Nikiya addinin daula, a 388 doka ta ɗauki aure tsakanin Kirista da Bayahude a matsayin zina. Cibiyar ilimin Yahudawa kuwa ta riga ta fara komawa gabas, ƙarƙashin Farisawa, inda makarantun Sura da Fumbedita suka haifar da Talmud na Babila.

Duk wannan tarihin daular Rum ne, kuma inda hannunta bai kai ba layin bai faɗi a wuri ɗaya ba. Habasha ta karɓi Kiristanci a ƙarni na huɗu, zamanin sarki Ezana na Aksum, kuma cocinta har yau yana yi wa yara maza kaciya, mabiyansa ba sa cin alade, kowane coci yana da allon da ke wakiltar akwatin alkawari, ana kuma girmama Asabar tare da Lahadi. Batun Asabar ɗin ma sai da aka yi fiye da ƙarni ana rigima a kansa, tun daga malamin zuhudu Ewostatewos, kafin sarki Zara Yakob ya tabbatar da ranakun biyu a taron Dabra Mitmak a 1450. Da limaman Katolika 'yan Jesuwit suka shawo kan sarki Susenyos ya bi su a 1622, aka hana Asabar, aka yi yunƙurin hana kaciya, ƙasar ta faɗa yaƙin basasa. A 1632 Susenyos ya mayar wa mutane addininsu ya sauka daga gadon sarauta, ɗansa Fasiladas ya kori limaman daga ƙasar.